Kifin Ƙarƙashin Gada

A shekara ta uku da shigowar fari, kogin da ya raba garin biyu ya daina gudu. Da farko ya tsintsinke ya zama tafkuna, tafkunan suka koma taɓo, taɓon ya bushe ya tsattsage. Masu tifa suka shiga ɗiban yashi, matasa suka kafa ragar ƙwallo a tsakiyarsa. Hukumar ruwa ta koma dogaro da wata madatsa mai nisa. Tana jawo ruwan ta wani tsohon bututun ƙarfe mai kaurin ganga zuwa matatar gari, daga can a riƙa raba wa unguwanni bi da bi.

Bututun yana tsallake kogin ne a manne da cikin gadar jirgin ƙasa, wadda jirgi ya daɗe da daina bi. A saman ginshiƙi na biyu akwai wata mahaɗa da ke yoyo. Ruwan yana bin jikin ginshiƙin ya sauka cikin wani rami da ambaliyar shekarun baya ta ƙwaƙule a gindin kankare. Faɗin ramin bai wuce na falo ba, zurfinsa a tsakiya ya kai ƙugu. Gadar tana yi masa inuwa kusan wuni guda. Wani ɓaure ya kare shi ta gabas, ƙaya da ɓaraguzan gini suka kare shi ta yamma. Mai tafiya a kan gada ba zai gan shi ba.

Mutum ɗaya ce ta san abin da ke cikinsa, wata malamar ilimin halittu a kwalejin garin, wadda kowa ke ce wa Dakta.

Abin da ta yi shekaru tana koyarwa a allo ne ta tarar a ramin. Idan zamani ya tsananta, halitta takan mutu a kusan ko'ina, ta rage a wani ɗan lungu da yanayi ya yi wa sassauci: kwazazzabo mai inuwa, bakin kogo, gindin dutse mai marmaro. Idan sauƙi ya dawo, daga wannan lungun ake sake cika ƙasa. Wasu halittun suna da tasu dabarar. Gaiwa takan binne kanta a laka ta jira damina. Kwaɗi sukan nutse cikin ƙasa. Irin ciyawa yakan kwanta a busasshen wuri shekara da shekaru bai mutu ba. Amma akwai wani ɗan kifi a wannan kogin da ba shi da dabara ko ɗaya. Kullum sai da ruwa. Tsawonsa bai kai yatsa ba. Matan launin toka ne, ba mai kallonsu sau biyu. Mazan suna da jan layi daga kunne zuwa wutsiya da shuɗi a fiffike. Iya binciken Dakta, ba a taɓa samun irinsa a wani kogi ba, kuma a wannan kogin ma yanzu babu shi sai a ramin gada. Ta ƙiyasta 'yan ɗaruruwa ne.

Ba ta gaya wa kowa ba, kuma ba don rowa ba ne. Ƙa'idar aikinsu ce. A farkon farin, wani abokin aikinta ya ambaci wani tafki da kifin ya taru a cikinsa yayin hira da gidan rediyo. Kafin mako ya zagayo masu sayar da kifin ado sun tace tafkin da raga. Tun daga nan masu binciken suka ɗaure wa kansu baki: a faɗi abin da aka gani, kada a faɗi inda aka gan shi, ko ga ɗalibi, ko ga miji. Dakta takan ajiye motarta a wurin wani mai faci, nesa da gadar, ta zagaya ta bayan wani kangon masana'anta, ta sauka cikin kogin kamar mai yanke hanya.

Ƙanenta injiniya ne a hukumar ruwa, shi ke shugabantar masu toshe yoyo. A wurin aiki Injiniya ake ce masa, a gida kuwa Auta. Ranar hutun mako sukan haɗu a gidan mahaifiyarsu, a unguwar kan tudu, inda famfo kan yi kwanaki yana fitar da iska kawai. Inna ta jera bokitai da robobi a ƙarƙashinsa, ta bar shi a buɗe dare da rana don kada ruwa ya zo ya koma ba ta sani ba.

Wata ranar hutu Auta ya iso bayan Dakta, ya tsaya a ƙofar ɗaki yana kallon takalman da aka tuɓe.

“Inna, kin ga 'yarki? Gari ya bushe ƙamas, ita takalminta da laka.”

“To ina ruwanka?” in ji Inna.

“Ruwana ne kuwa. Duk lakar da ke garin nan tawa ce. Sama ba ta zubar ba, kogi ya mutu. Laka daga ina, in ba bututuna ne ke hawaye ba? Yaya, ina kika shiga?”

“Lambun kwaleji,” in ji Dakta.

“Lambun kwalejin da na yanke wa ruwa da hannuna?”

Ta ci gaba da cin abincinta.

“Ka ƙyale ta,” in ji Inna. “Tun kuna yara haka kuke, ita ba ta faɗa, kai ba ka yin shiru. Kuma injiniyan da famfon uwarsa ke busa sarewa, ai bai kamata a ji bakinsa ba.”

Auta ya yi dariya, ya zauna, ya shiga bayanin aikinsa ba tare da an tambaye shi ba. Taswirar bututun garin ta girme shi, mitoci sun lalace, na'urar sauraron yoyo tana kwance babu batir. Don haka ya koma wata hanya. Yana tura leburori su bi layin bututu da ƙafa suna neman kore. A irin wannan shekarar, in ji shi, duk inda ciyawa ta yi shar, haƙa kawai za ka yi.

“Har babban bututun madatsa kuke bi?” Dakta ta tambaya, idonta a kan kwano.

“Wannan ba nawa ba ne, na 'yan matata ne. Su kuwa ko rufin ofishinsu da ke yoyo ba su gyara ba.”

Ta auna maganar a hanyar komawa gida. Gaya wa Auta daidai yake da gaya wa mutum ashirin, domin ba ya zuwa ko'ina sai da motar leburori, su kuma kowanne da surukinsa da majalisarsa. Mahaɗar ta yi shekaru tana yoyo ba wanda ya kula. Kuma ba a hannunsa take ba. Ta yanke shawarar yin shiru.

Abin da ba ta sani ba shi ne, a watan da ya biyo baya shugaban hukumar ya ga aikin Auta yana kyau, ya ƙara masa babban bututun a kan nasa.

Ranar da ta koma, tun daga nesa ta ga sawun babbar mota a kan yashi. An sare ƙayar yamma an yi hanya. Da ta ƙarasa ƙarƙashin gadar sai ta lura babu ƙarar ɗigo. Ta ɗaga kai. An ɗaure mahaɗar da sabon ƙarfe, notuna suna ƙyalli, an ma shafa masa shuɗin fenti. Jikin ginshiƙin ya fara bushewa daga sama, gansakukar da ke manne da shi ta yi fari. Ruwan ramin yana nan, kifin yana yawo, amma a gefen kankare akwai alamar inda ruwan yake a da, kuma ya sauka daga nan da kusan faɗin tafin hannu.

Ta tarar da Auta a farfajiyar hukumar, tsakanin tulin bututai da wata tankar da aka cire wa tayoyi. Shugaban leburorinsa, wani dattijo da ake kira Sifana saboda ba a taɓa ganinsa babu sifanar kwance notu a aljihu ba, yana gefe yana wanke hannu da kananzir.

“Kai ka ɗaure mahaɗar gadar jirgi?”

“Ni ne. Kin ga aiki ko? Inna ta kira ni jiya, wai ruwa ya zo har ya cika mata randa. Karo na farko da ta sa mini albarka ba gori a ciki.”

“Ka kwance shi.”

Ya dube ta, ya dubi Sifana, ya ja ta zuwa inuwar tankar. A nan ta gaya masa komai, a taƙaice, kamar mai karanta rahoto. Ya saurara har ta gama.

“Lakar takalmin ke nan.”

“Ita ce.”

“Yaya, na tambaye ki. A gaban Inna na tambaye ki.”

“Ka ce ba naka ba ne.”

“Ran nan ba nawa ba ne!” Ya sassauta murya. “Ba zan kwance ba. Abin da kike gani yana bin ginshiƙi somin taɓi ne. Tsagar ta zagaye bayan bututun, yawancin ruwan cikin yashi yake tafiya. In na kwance, kan tudu ya koma gidan jiya, har da asibitin haihuwa. Kuma ba a kwance irin wannan ɗaurin kaɗan. Ko a ɗaure ko ya fashe.”

“To ka sa mini ɗan famfo a jiki.”

“Da kin yi magana, da na sa. Ranar da muka yi aikin an tsayar da ruwa daga madatsa, bututun babu komai, aikin rabin awa ne. Yanzu cike yake, da ƙarfin da zai jefar da mutum daga kan gada. Sai an sake tsayarwa, kuma ba ni ke ba da izini ba. Akwai gyaran injin madatsa a ƙarshen watan gobe. Ranar zan iya.”

“Ramin ba zai kai ba. Yadda yake sauka, ko rabin lokacin ba zai yi ba.”

“In turo miki tanka.”

“Ruwan tanka daga matata yake, an zuba masa magani. Kafin la'asar sun mutu. Sai ɗanyen ruwa, irin na cikin bututun.”

“Ki kwashe su ki kai kwaleji mana.”

“An gwada a baya. Suna rayuwa a gilashi, amma ba sa haihuwa. Kuma wutar kwaleji ka san ta.”

Sifana, wanda ake zaton ba ya ji, ya yi gyaran murya daga inda yake.

“Ranka ya daɗe, a bakin matata, kafin ruwa ya shiga tankin magani, akwai famfon ɗiban samfur. Ɗanye ne. Sai dai jarka. Mota za ta kai bakin kogi, daga nan kuma sai kai da kafaɗa, don tanka in ta shiga yashin nan sai an kira wata ta ciro ta.”

Auta ya juya ga yayarsa. “Kin ji. Jarka da yawa, kullum, har ƙarshen watan gobe. Ke kaɗai ba za ki iya ba, ni da ke ma ba za mu iya ba. Sai mutane. Ke za ki zaɓa.”

Zaɓi biyu ne a gabanta. Ko ta ci gaba da rufe wurin ramin ya bushe, ko ta buɗe shi kowa ya sani.

“Kira su,” ta ce.

Washegari da safe ta tsaya a gaban leburori a ƙarƙashin gada, ta yi musu bayanin da take yi wa ɗalibai, ta rage manyan kalmomi. Ta roƙe su kada maganar ta wuce nan. Duk suka ce ai ba komai, bakinsu da zare da allura. Ɗaya ya leƙa ramin ya ce, “Wai duk wahalar nan a kan waɗannan? Ko mage ba za ta ƙoshi da su ba.” Wani ya ce a ƙasar da mutum ke layin ruwa, kifi ya samu mai kawo masa har gida, lalle shi ne ɗan gata. Suka yi dariya, suka ɗauki jarkoki.

Haka aka shiga yi. Motar hukuma takan biya ta matata kafin a fita aiki, a cika jarkoki, a sauke a bakin kogi, a yi jerin gwano a kan yashi. Dakta ta hana a juye ruwan kai tsaye. Sai a zuba a jikin ginshiƙi ya gangara a hankali, kamar yadda ya saba zuwa. Ta kawo ɗalibanta na ajin ƙarshe suka karɓi yamma. Ta sa aka kafa buhuna a kan sanduna ta gefen da rana ke shigowa da la'asar. Ruwan bai koma inda yake a da ba. Ya ci gaba da sauka, amma a hankali. Kwaɗi suka ƙaru a gefe, wani zalɓe ya gano wurin, aka riƙa korarsa da dutse.

Zancen duniya ba ya ɓuya. A mako na biyu mai facin da take ajiye mota a wurinsa ya tambaye ta lafiyar kifi. A na uku ta fara tarar da sawun da ba na leburori ba, da leda a maƙale a ƙaya. Ta nemi kwaleji ta ba ta mai gadi, aka ce za a duba. Auta ya sa wani lebura ya riƙa kwana a wurin, amma tsakanin tafiyar masu safe da zuwan ɗalibai ramin ba kowa.

Wata yamma ta tarar an tattake bakin ramin, ruwan ya gurɓace, ga matattun kifi 'yan kaɗan a kan kankare, duka masu launin toka. Ta jira ruwan ya kwanta. Kifin ya fito daga ƙarƙashin kankare, da yawansa, har ta fara tunanin ɓarnar ba ta kai yadda ta zata ba. Sai ta ƙara duba. Ta durƙusa ta daɗe tana kallo. Ta koma ɗaya gefen ta sake kallo. Babu jan layi ko ɗaya.

Masu ragar sun san abin da ke sayuwa. Sun tace ramin, sun zauna a bakinsa sun tsince mazan, sun mayar da matan.

Ba ta gaya wa leburori ba, don kada su ajiye jarka. Auta kaɗai ta gaya wa, a waya.

“To yanzu ruwan da muke kaiwa fa?” ya ce.

“A ci gaba. Matan za su rayu wata da watanni. In sun mutu, shi ke nan, babu na baya.”

“Ba mai ciki a cikinsu?”

“Ƙwai suke yi, Auta. Sai da namiji a wurin.”

“To ni injiniya ne, ban san sirrin gidan kifi ba.”

Ranar gyaran madatsa ta zo, aka tsayar da ruwa, gari ya wuni babu ko ɗigo. Inna ta kira ɗanta ta tambaye shi ko albarkar da ta sa masa ce ta ƙare. Shi kuwa yana kan tsani a cikin gada, Sifana na miƙa masa kaya. Suka huda bututun, suka ɗaura ɗan famfo mai kaurin yatsa, suka saka shi cikin akwatin ƙarfe da kwaɗo. A takardar aiki an kira shi mafitar wanke bututu, kuma zai iya yin wannan aikin in an buƙata. Da aka sako ruwa da yamma Auta ya murɗa shi kaɗan, ruwa ya kama bin ginshiƙin, siriri kamar igiya.

Da suka sauko, Sifana ya tsaya kusa da Dakta yana goge sifanarsa da tsumma.

“Malama, na ji yaran nan suna wata magana. Ba zan kama suna ba, don yaron da ya fitar da zancen ramin yana da iyali. Surukinsa yana da shagon kifin ado a bayan tashar mota. Jiya ma an ce masu ragar sun dawo nan da rana, sun samu 'yan ragowa a ƙarƙashin kankare.”

“Ragowar maza?”

“Masu jan nan dai.”

Da safe Auta ya ɗauke ta a motarsa. Shagon siriri ne, tsakanin mai gyaran waya da tela. Akwatunan gilashi sun hau kan juna har rufi, injin iska yana gurnani, ɗakin yana warin gansakuka da abincin kifi. Mai shagon, wani gajere mai fara'a, ya taso da sauri.

“Sannunku da zuwa. Na falo ake so ko na ofis? Malama, ga wani sabon shigowa, daga waje aka kawo shi.”

Ya nuna akwatin da ke daidai ido. Mazan ne, masu yawa, jan layinsu ya ɗan kwanta. An haɗa su da wasu kifaye masu dogon fiffike. Dakta ta matsa kusa da gilashin. Baƙin kifayen suna da fararen ɗigo a jiki kamar an barbaɗa musu gishiri, kuma ɗigon ya fara bayyana a wutsiyar wasu daga cikin mazan.

“Daga wajen gari dai,” ta ce. “Ƙarƙashin gadar jirgi.”

Fara'arsa ba ta ragu ba. “Au, ke ce Daktar? Ai mun gode, an ce ke kike ba su ruwa. Malama, kogi ba gonar kowa ba ce, kifi kuma na Allah ne. Mun ma yi adalci, ba mu taɓa matan ba. Iri yana nan.”

“Matan su kaɗai za su yi irin?”

Ya sosa ƙeya. “To, wannan kuma ilimi ne.”

Ta juya ga Auta. “Waɗannan ba za su koma ba. Sun kamu da cuta. In na zuba su a ramin, har matan za su tafi.” Ta sake fuskantar mai shagon. “Na shekaranjiya fa? Ina suke?”

“Wane na shekaranjiya?”

Auta kuwa idonsa na kan wani abu dabam. Ya zagaya bayan akwatunan yana bin wani koren tiyo da ido. Tiyon ya bi ta ƙasan bango, ya fita ta wata huda, ya nutse cikin ƙasa a gefen kwata.

“Maigida, wannan tiyon daga ina ya taso?”

“Wannan? Na maƙwabci ne.”

“Tela ne ke da ruwa, ko mai waya? Ina mitarka?” Ya ciro katin aikinsa daga aljihu, ya duba shi kamar yau ya fara ganinsa, ya mayar.

Mai shagon ya dubi katin, ya dubi tiyon. “Ranka ya daɗe, ai ba a haka tsakanin manya. Malama, na tuna. Akwai wasu a baya, ban samu wurin zuba su ba.”

A bayan shagon, ƙarƙashin benci, akwai wata roba da aka rufe da kwali. Ruwan cikinta mai duhu ne, da ɓurɓushin ganyen ɓaure, ruwan ramin ne ba a canza ba. Mazan da ke ciki ba su kai goma ba. Dakta ta tambaya ko ragar da ake kama na gilashi ta taɓa shiga robar. Ya rantse ba ta shiga ba. Ta sa ya ɗaga robar zuwa haske, ta duba su ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ga ɗigo ba. Hakan ba tabbaci ba ne, domin cutar takan ɓuya kwanaki kafin ta fito. Ƙa'ida ta ce a ware su a jira. Amma ɗakin gwajin kwaleji ya kwana biyu babu wuta, kuma biyu daga cikinsu sun riga sun fara hawa saman ruwa suna haki.

Ta ƙi yarda a yi amfani da wani abu na shagon. Ta ciro sabuwar leda daga jakarta, ta juye su da hannunta.

“Sauran na gilashin fa?” in ji mai shagon. “In ci gaba da sayarwa?”

“Ka raba su da baƙin, ka yi musu magani. Wanda ya rayu ka riƙe shi, zan aiko a duba.”

“Tiyon kuma ka zo ofis a yi maka mita,” in ji Auta. “In na ji raga ta sake shiga ƙarƙashin gada, da kaina zan zo, da Sifana.”

A mota ta riƙe ledar a cinya da hannu biyu. Auta ya bi ramukan titi a hankali, abin da bai saba ba. Duk da haka, kafin su kai bakin kogi ɗaya daga cikin masu hakin ya kife, cikinsa a sama.

Ruwan ramin ya ɗan hau cikin dare, jikin ginshiƙin ya jiƙe. Ta cire mataccen ta ajiye a kwalba. Ta ɗora ledar a kan ruwa a ɗaure, ta jira sanyinsu ya daidaita, ta buɗe ta riƙa ɗiban ruwan ramin da tafin hannu tana ƙarawa a ciki kaɗan-kaɗan. Auta ya tsuguna a kan kankare yana kallo. Da ta karkata bakin ledar, suka fita a tare suka shige ƙarƙashin kankare.

“Sun isa?” ya tambaya.

“Ban sani ba. Duk abin da za a haifa daga yau, 'ya'yan waɗannan ne. In akwai wani rauni a jininsu, kowa zai gada. In sun zo da cuta, za mu gani cikin mako.”

“In babu fa?”

“In babu, sai a jira kogi.”

Suka zauna. Can sai ɗaya ya fito, ya nufi inda ruwan ke sauka daga ginshiƙi, ya tsaya a kan wani curin gansakuka. Wani ya biyo shi, na farkon ya kore shi, ya dawo kan curin ya buɗe fiffike. Dakta ta ce haka suke yi idan sun kama wurin ƙwai.

Wayar Auta ta yi ƙara. Bututu ya fashe a bayan kasuwa, ana nemansa. Ya miƙe ya kakkaɓe wando, ya ciro makullan akwatin famfon guda biyu, ya ba ta ɗaya.

“Kada ki ƙara murɗawa, Yaya. Abin da na bari ma, in aka tambaye ni sai na yi dogon bayani.”

“Ba zan taɓa ba.”

“Mu je in sauke ki.”

Ta ce ya tafi. Ɗalibai ba za su iso ba sai yamma, kuma ba za a bar wurin ba kowa ba. Ya hau yashin ya nufi mota. Ita kuma ta jawo wata jarka da babu komai a ciki, ta kifa ta a inuwar ginshiƙi, ta zauna tana fuskantar hanyar da aka sare a cikin ƙaya.